Jinin da Ke Zuwa Ya Ɗauke: Sharhi Kan Dajin Mafitsara

Yau maganar mafitsara za mu yi, don haka tun kafin a yi nisa ina neman afuwar wanda ke gaban kwano, da wanda rediyo ya ritsa da shi yana zaune kusa da suruki. Akwai kalmomin da ba makawa sai na ambace su da sunansu: fitsari, jini, mara. Kunyar ambatonsu na cikin abin da ke kai magidanta asibiti a makare.

Ciwon dajin mafitsara nake nufi, wato tsiron da ke fitowa a cikin jakar da fitsari ke taruwa. Ba na furostet ba, wanda ke damun dattawa da tsiyayar fitsari. Wannan ciwo ne daban. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai sama da mutum 600,000 aka gano suna da dajin mafitsara, sama da 200,000 kuma ya yi ajalinsu. Ya fi kama maza, kusan ninki huɗu na mata. A nan gida, da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka duba rajistar masu ciwon daji ta shekara goma, daga 1995 zuwa 2004, sun tarar a cikin maza dajin mafitsara ne na biyu, na furostet kaɗai ke gabansa. A Turai ciwon tsofaffi ne, 'yan shekara 70. A wajenmu kuwa yakan kama mutum yana ɗan 45 ko 50, yana tsakiyar biyan kuɗin makarantar yara.

Me ya sa nake so mutanen Ɗorayi su matso kusa da rediyo? Ka tsaya bakin titi da sassafe, Ɗorayi Babba ko Ɗorayi Ƙarama, ko Ja'en, ka ga inda jama'a suka dosa. Wani a keke, wani a adaidaita sahu, wani a ƙafa da ƙullin abincinsa a leda, sun nufi Sharaɗa, wasu sun miƙa hanyar Panshekara zuwa Chalawa, wasu kuma sai sun ratsa gari zuwa Bompai. Da yawansu ba a birni aka haife su ba. Neman abinci ne ya kawo su daga Kura, Bunkure, Garun Malam, Ƙaraye, wuraren noman rani da madatsun ruwa. Irin wannan magidanci ruwa biyu ya shiga a rayuwarsa: na yarinta a rafi da kwalbati, na girma a kamfani. Kowanne daga cikinsu na iya barin tabo a mafitsara.

Mu fara da na yarinta. Babu wanda ya tashi a karkara bai san tsargiya ba. Yaro ya dawo daga wanka a kududdufi ko a hanyar ruwan noman rani, bayan 'yan watanni ya fara ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsari. Abokai su yi masa dariya, wani babba ma ya ce ai alamar balaga ce. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwan wata tsutsa na fita daga fitsarin mai ciwon ya shiga ruwa, ya ƙyanƙyashe, ya shige jikin dodon koɗi, ya hayayyafa a can, sannan ya fito ya huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa. Ba sai ka sha ruwan ba. Tsutsar ta girma ta tare a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, tana zuba ƙwai shekara da shekaru. Wasu ƙwayayen su fita da fitsari, wasu su maƙale a bangon mafitsara. Waɗanda suka maƙale ɗin su ne matsalar, domin jiki ba ya daina faɗa da su. Gyambo ya warke ya sake tashi, ya warke ya sake tashi, har fatar cikin mafitsara ta sauya kama. A wasu mutanen, bayan shekara 20 ko 30, daga wannan wurin daji ke tsirowa.

Ba yau aka san haka ba. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. A 1911 wani likitan mai suna Ferguson, a Masar ɗin dai, ya rubuta cewa akwai alaƙa tsakaninta da dajin mafitsara. A 1994 hukumar binciken daji ta duniya ta sa ta a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji a jikin ɗan Adam. Mu kuwa an gina mana madatsar Tiga a 1974, ta Chalawa a 1992, aka shimfiɗa hanyoyin ruwa a Kadawa. Alhamdulillahi, shinkafa da tumatir da alkama sun wadata. Amma ruwan da ke kwance shekara zagaye gidan dodon koɗi ne. Wani nazari da aka wallafa daga Kano a 2003 ya nuna fiye da rabin dajin mafitsarar da aka auna nau'in nan ne da ke tafiya da tsargiya, kuma likitocin Sakkwato sun ba da rahoto makamancin haka. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa, saboda nau'in tsargiya halinsa daban ne.

Sai ruwa na biyu. A 1895 wani likitan fiɗa a birnin Frankfurt na Jamus, Ludwig Rehn, ya lura ma'aikata uku na wata masana'antar haɗa rini sun zo da tsiro a mafitsara. Daga nan aka fara bibiya, har aka gano sinadaran da ke da laifi, irin su benzidin da danginsa, waɗanda ake haɗa wasu kalolin rinin yadi da fata da su. Suna shiga ta fata da numfashi, hanta ta sarrafa su, ƙoda ta tace, su gangaro mafitsara su kwanta a cikin fitsari na awoyi suna gogar bango. Ingila ta haramta su a 1967, Tarayyar Turai ta hana rinin da ke sakin irinsu a kayan sawa da na fata a 2002. Masu rini, masu jima, masu fenti, masu aikin taya, duk an san haɗarinsu ya ɗara na sauran jama'a.

Idan ana maganar majemun Chalawa da Sharaɗa, abin da ake yawan ambata shi ne kuromiyom da warin da ke tashi daga rafin Salanta, ko ruwan Getsi da ke sauya kala a Bompai kafin ya faɗa Jakara. Wannan magana ce mai zaman kanta, kuma ta cancanci nata filin. Amma a sha'anin mafitsara idona na kan ɗakin rini. Ka duba hannun lebura bayan an tashi aiki: kalar ta shige ƙarƙashin farce, ta bi tsagar tafin hannu, ya wanke da omo ta ƙi fita, da wannan hannun zai gutsuri burodi ya tsoma a shayi. Safar hannun da aka ba shi ta yage tun watan jiya. Ban ɗora wa wani kamfani laifin ciwon wani mutum ba, domin ko likita ba zai kalli tsiro ɗaya ya rantse daga ina ya zo ba. Abin da ke bayyane shi ne ciwon yakan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ya fito. Masaƙu da dama na Bompai da Sharaɗa sun rufe tuntuni, an sallami ma'aikata, wasu gine-ginen sun koma sito. Mutanen da suka yi aiki a cikinsu kuwa suna nan a unguwanninmu, kuma yanzu ne shekarun suka cika.

Ga kuma taba sigari, wadda a duniya ita ce kan gaba: kusan rabin masu dajin mafitsara ta dalilinta ne. Mutane na ɗauka huhu kawai take ci. Dafinta ma ta fitsari yake fita. Wanda ya haɗa tsargiyar yarinta da aikin rini da karan sigari a lokacin hutun rana, to ya tara wa mafitsararsa abin da ya fi ƙarfinta.

To yaya ciwon ke sallama? Da jini a fitsari, kuma galibi babu zafi. Nan ne yaudarar take. Malam ya tashi da asuba ya ga fitsarinsa ya yi ja, ko ya yi kalar baƙin shayi. Gabansa ya faɗi. Kwana biyu, uku, jinin ya ɗauke. A tsakanin nan ya riga ya leƙa kyamis an haɗa masa maganin sanyi, ko ya sayi gora ɗaya wajen mai lasifika a bakin kasuwa. Da jinin ya tsaya sai ya ce magani ya yi aiki. Alhali ko bai sha komai ba jinin zai tsaya, domin haka tsiron yake: ya zubar, ya huta, ya sake zubarwa bayan wata uku ko shida. Duk wannan hutun girma yake yi. Wani kuma ya ce ai tsargiyata ce ta dawo, na san ta tun ina yaro. Mace kuwa nata ya fi wuya, a ce mata sanyi ne, ko al'ada ce ta rikice, a yi ta ba ta ƙwayoyi. Shi ya sa duk da mata ba su kai maza kamuwa ba, sukan zo a makare fiye da maza. Akwai masu zuwa da yawan fitsari da raɗaɗi, akwai kuma, musamman masu nau'in tsargiya, waɗanda ke ganin wani farin abu mai kama da tsokar nama yana fita a fitsari, da wari. Wannan ɓangaren tsiron ne da ya ruɓe yake ɓantarewa.

Yanzu ga maganar da ta sa na zo. Idan iyali suka tambayi likita, shin zai warke, abin da likita ke dubawa kafin komai shi ne zurfin da tsiron ya yi a bangon mafitsara. Ku ɗauke shi kamar katangar gida: akwai shafe daga ciki, akwai bulo a tsakiya, bayan bulon kuma gidan maƙwabci ne. Muddin ɓarnar na kan shafe, kankarewa ake yi. Ana zura wani siririn bututu mai fitila da kyamara ta hanyar fitsari, ba a tsaga ciki ba, likita ya ga tsiron a allo, ya kankare shi, a kai ɗakin gwaji. Wani lokaci a biyo baya da zuba magani a cikin mafitsarar. Abin mamaki, ɗaya daga cikin magungunan shi ne BCG, allurar tarin fukan nan da ake yi wa jarirai a kafaɗa. Tun 1976 aka gano tana tayar da garkuwar jiki ta yaƙi tsiron. Mai wannan mataki yana riƙe mafitsararsa, ya koma bakin aikinsa. Sharaɗi ɗaya ne: ciwon na da naci, kusan rabin masu shi yakan sake tsirowa, don haka dole a riƙa komawa ana leƙawa, da farko duk wata uku, daga baya a tsawaita. Da yawa a nan suke faɗuwa. Sun ji sauƙi, katin asibiti ya shige ƙarƙashin katifa.

Idan tsiron ya shiga tsokar mafitsara, wato bulon, lissafi ya sauya. A cikin tsokar nan jijiyoyin jini suke da hanyoyin kaluluwa, kuma su ne titunan da ciwon ke bi ya fita. A wannan mataki maganar cire mafitsarar gaba ɗaya ake yi. In ya huda ta ya fita waje, sai ya kama abin da ke kusa: furostet a namiji, mahaifa da farji a mace, dubura, ko ƙashin ƙugu.

Kafin ma ya yi nisa, akwai wahalhalun da yake jawowa a inda yake zaune. Na farko toshewar fitsari da gudajin jini. Duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan ba ya mantawa. Cikin dare mutum ya ji fitsari ya matse shi, ya tsuguna, ko ɗigo. Mara ta kumbura ta yi tauri, gumi na keto masa, dattijo mai kamun kai yana juyi a tabarma yana salati da ƙarfi. A nemo adaidaita ƙarfe biyun dare a yi asibiti. A sa robar fitsari, ma'aikacin jinya ya ɗauki babban sirinji yana tura ruwa yana zuƙowa, gudaji baƙi-baƙi na fitowa cikin tasa, har mara ta saki. Sannan a ce a kawo masu ba da jini, domin zubar wata da watanni ta riga ta tsotse shi: tafin hannu fari fat, jiri, haki ko daga ɗaki zuwa banɗaki. 'Yan uwa su ba da leda biyu, bayan mako uku a sake nema.

Na biyu, kuma shi ya fi yin kisa a ɓoye, ƙoda. Kowace ƙoda na da siririyar hanya da ke sauko da fitsari zuwa mafitsara. Idan tsiron ya zauna a bakin hanyar ya danne ta, fitsari ya rasa mafita, ya koma sama, ƙodar ta kumbura ta fara lalacewa. In gefe ɗaya ne, mutum na iya yawo bai sani ba, ɗayar na riƙe da shi. Ranar da ta biyun ta toshe, sai amai, shaƙuwa, ƙaiƙayi, kumburin fuska da ƙafa, gushewar hankali. Iyali su ce ciwon ƙoda ne ya same shi, a shiga neman kuɗin wankin ƙoda, alhali tushen na can ƙasa a mafitsara. Likitoci kan huda ta baya su sa roba kai tsaye cikin ƙodar don fitsari ya samu hanya. Kuma ga inda abin ke ɗaure kai: maganin kemo mafi inganci ga wannan ciwo, sisfilatin, sai mai lafiyayyar ƙoda ake ba wa. Wato jinkiri na cin mutum sau biyu, ya girmar da ciwon, ya kuma rufe ƙofar maganinsa.

Fitsarin da ya kwanta kuma ƙwayoyin cuta ke samu, sai zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, a yi ta maganin maleriya da taifot. Idan tsiron ya huda tsakanin mafitsara da farji, mace ta kamu da yoyon fitsari irin wanda muka sani a wajen masu doguwar naƙuda, sai dai wannan ɗinki ba ya kama shi. In ya huda zuwa hanji, iska da bayan gida su riƙa biyowa ta hanyar fitsari. Allah Ya kiyashe mu.

Yaɗuwa ta nesa kuwa takan fara da kaluluwar cikin ƙugu. In suka kumbura suka danne jijiyoyi, ƙafa ɗaya ko duka biyu su haye. Jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, wannan kan yi kisa farat ɗaya. Daga kaluluwa ciwon ya bi jini zuwa huhu, hanta da ƙashi. Na huhu ya zo da tari da haki, na hanta da shawara da kumburin ciki, na ƙashi da ciwon baya ko ƙugu mai hana barci, wanda ba ya jin man zafi. In ya danne lakar baya ƙafafu su mutu. Ga rama, mutum na ci ko ba ya ci yana zubewa. Na ce zan dawo kan nau'in tsargiya. Shi bai cika gaggawar tafiya nesa ba, a ƙugu yake zama ya yi ta ci. Wannan kamar sauƙi ne, amma kusan kullum ya riga ya shiga tsoka kafin a gan shi, kuma ba ya jin kemo da gashin na'ura kamar ɗaya nau'in. Wuƙar likita ce babban maganinsa, ita ma sai in an zo yana iya ciruwa.

Bari in ba ku alƙaluma, amma na Amurka ne, inda suke bin majinyatansu suna rubutawa. A cikin mutum 100 da aka gano ciwon yana kan fatar ciki kawai, sama da 90 na nan da rai bayan shekara biyar. In ya yi zurfi amma bai fita daga mafitsara ba, kimanin 70. In ya kai kaluluwa ko maƙwabtan gaɓɓai, kimanin 40. In ya isa huhu, hanta ko ƙashi, ba su kai 10 ba. Ciwo ɗaya ne fa, kuma a ƙasa ɗaya, da likitoci iri ɗaya. A can mafi yawan majinyata a matakan farko ake kama su. A asibitocinmu akasin haka ne, galibi sai an zo da ƙari a mara wanda hannu ke iya taɓawa. Rai da ajali na hannun Allah, babu mai ja. Amma tsakanin 90 da 10 akwai watannin da aka ɓata a kyamis, kuma wannan ɓangaren an bar mana shi a hannunmu.

Na san abin da wani ke faɗa yanzu a majalisa: daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata. Kuma zai kawo hujja, wane an yi masa aiki bai yi wata biyu ba ya rasu. Gaskiya ne ya rasu. Amma a tambaya, wata nawa ya yi yana ganin jini kafin ya yarda a kai shi? Mun riƙe mutum a gida shekara guda muna shafe-shafe da hayaƙi, sai da ciwon ya gama zagaye ƙugu muka kai shi, sannan muka ɗora wa wuƙa laifi. Wanda aka kankare wa nasa da wuri ba ya cikin labarin majalisa, don bai gaya wa kowa ba, yana can Sharaɗa yana aikinsa. Addu'a da rubutu da tofi babu mai hana ka, a haɗa da asibiti. Masu sayar da gora a mota suna kiran sunan kowace cuta da lasifika kuwa, ni a ganina hukuma ta yi musu sakaci da yawa.

Akwai wani tsoron da ba a cika faɗa a fili ba, na jaka. Idan aka cire mafitsara dole fitsari ya samu wata hanya. Wani a yanki guntun hanji a yi masa magudana zuwa fatar ciki, ya riƙa manna jaka. Wani a juya hanyar zuwa babban hanji, ya riƙa fitarwa ta dubura yana iya riƙewa. Wani a ƙera masa sabuwar mafitsara da hanji. Magidanci ya ji haka ya ce, to sallata fa? Ina zan shiga sahu da najasa a jikina? Har wani ya zaɓi ya koma gida. Malam, wannan mas'ala malamanmu sun daɗe da warware ta a babin mai yoyon fitsari. Mai lalura na da rangwame a alwalarsa da sallarsa. Ka tambayi limamin unguwarku kafin ka yanke hukunci. Ina kuma roƙon malamai masu karatu tsakanin magariba da isha'i a masallatan Ɗorayi, in an zo babin tsarki a faɗi wannan a fili, akwai mai buƙatarsa a cikin sahu da ba zai iya ɗaga hannu ba.

Wanda kuma nasa ya riga ya wuce aiki, ba a ce a sallame shi ya tafi gida ya yi ta murƙususu ba. Akwai maganin zafi mai ƙarfi, har da mofin, akwai gashin na'ura da ke tsayar da jini ya rage ciwon ƙashi, akwai ƙarin jini. Iyali su nema, haƙƙinsa ne.

Ga hukuma. Masar ta taɓa shan wahalar tsargiya ƙwarai. A wajajen 1980 kusan kashi uku cikin huɗu na dajin mafitsarar da ake gani a babbar cibiyar dajinsu ta Alƙahira nau'in tsargiya ne. Zuwa 2005 ya sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Abin da suka yi shi ne raba ƙwayar firazikwantel ga jama'a da gyara ruwan sha. Ƙwayar nan ita ake kawowa makarantunmu kyauta, ana auna tsayin yaro a ba shi. Iyaye, in an zo rabo kada a ɓoye yara. A ba su abinci su ƙoshi, su sha. A kuma kai rabon makarantun allo da gonakin rani, inda yaran da suka fi shiga ruwa suke. Asusun tallafin masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 da daji uku ya soma, na mama, na bakin mahaifa da na furostet. Mu a Arewa muna da hujjar cewa a sa na mafitsara a gaba-gaba, kuma wakilanmu ne ya kamata su faɗa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa, amma leburan da ake ɗauka kullum-kullum ba takarda, da me zai kafa hujja bayan shekara 25? Ƙungiyoyin ƙwadago su matsa a rubuta sunan kowa da sashen da ya yi aiki. Masu kamfani kuma, safar hannu da takalmin roba da wurin wanka da gwajin fitsari sau ɗaya a shekara ba su kai kuɗin dizal ɗin mako guda ba.

Kai kuma Malam da ke saurarena, in ka haura 40 ka ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, ko ya ɗauke washegari, ka tafi asibiti a cikin makon. Ga Asibitin Murtala, ga cibiyar mafitsara ta Abubakar Imam, ga na Malam Aminu Kano. Ka gaya wa likita abu uku ko bai tambaya ba: ka yi tsargiya kana yaro, ga irin aikin da ka yi da shekarun da ka yi a kai, kana shan taba ko ka taɓa sha. Ka nemi gwajin fitsari da hoton ciki, kuma in an ce za a leƙa mafitsara da na'ura, ka yarda. Ko an samu ƙwan tsargiya an ba ka magani, in jinin ya dawo ka koma, domin ana samun tsargiya da daji a mafitsara ɗaya. Hajiya, ke kike wanke kayan maigida, ke za ki fara ganin tabon a wando. Kada ki yi shiru don kunya. In ba zai ji taki ba, ki gaya wa babban ɗansa ko amininsa, su sa shi a gaba su kai shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.